Sarkin Noma da Malamin Gona: tarihin sunayen masu taimakon fasaha a ƙasar Garhanga

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe rahoton wani aikin raya karkara da aka yi a jahar Tawa daga 1960 zuwa yau, zai tarar da jerin sunayen ma'aikata cikin Faransanci: «moniteur», «encadreur», «animateur», «vulgarisateur», «brigadier phytosanitaire», «artisan réparateur», «homologue». Ko wanda ya yi lakwal mai zurfi, in aka ce ya faɗi bambancin da ke tsakanin na biyu da na huɗu, sai ya yi jim. To, ina ga manomi, wanda dominsa aka ɗauki waɗannan mutane aiki?

Tambayar ta wuce ta masu nazarin harshe. Idan famfon gari ya tsaya a tsakiyar bazara, ko fara ta sauka a gonar hatsi, ko kuwa ruwan kwari ya fasa madatsa, abu na farko da mutane ke bukata shi ne su san wanda za su kira. Kwanakin da aka ɓata ana neman mai aikin daga wannan ofishi zuwa wancan, mata ne ke biyansu da tafiyar ɗibar ruwa, manomi kuma da damin da ya rasa.

Mun zaɓi Garhanga domin ƙasa ce da ta ga kusan kowane irin ma'aikacin fasaha da Nijar ta sani. Tana cikin gundumar Keita, tare da Tamaske da Ibohaman da Keita kanta, a yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya, wanda ya haɗa har da ƙasashen Buza da Madawa. Ƙasar tsaunuka ce da fako da kwaruruwa, inda ruwan sama ke gangarowa da ƙarfi yana tafiya da ƙasar noma. Abin da muke son nunawa a wannan ɗan nazari shi ne: sunan ma'aikaci yana bayyana wanda ma'aikacin ke ba da bahasi gare shi. Inda sunan ya dubi jama'a, jama'a sun gane shi. Inda ya dubi ofishi, ya yi musu duhu.

1. Sarautun sana'a

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Adar suna da masu taimakon fasaha nasu. Djibo Hamani, a nazarinsa na tarihin Adar da ya fito a 1975, ya bayyana yadda zuriyar Agabba, ɗan sarkin Agadas, ta kafa sarauta a ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 17, tare da Abzinawan da suka rako ta, cikinsu har da Lisawan. A wannan shekara kuma Nicole Echard ta fitar da nata nazarin a kan manoman Adar, inda ta nuna cewa ƙarƙashin sarautar iko akwai wani tsari da ya girme ta, watau na gado: kowane dangi yana da sana'ar da ya gada, da asirinta, da babban da ke riƙe da ita.

Daga nan ne sunaye irin su Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Aski, Sarkin Fawa da Sarkin Baka suka samo nauyinsu. Ginin sunan kansa darasi ne. Kalma ta farko tana faɗin matsayi, ta biyu tana faɗin aiki, kuma yaro ƙarami ma ya san abin da ake nufi da noma ko ƙira. Wanda hauyarsa ta karye ya san gidan da zai nufa. Idan maƙerin da ya kai wa ya cuce shi, ya san babban da zai kai wa ƙara, domin Sarkin Maƙera ne ke ɗauke da mutuncin ƴan sana'arsa. Maƙeran Adar ba gyara kaɗai suke yi ba. A dā suna narka tama su fitar da ƙarfe, kuma Echard ta ɗauki wannan aiki a fim a shekarun 1960, lokacin da yake gab da ɓacewa.

Sarautar noma tana da wata siffa da ya kamata mu lura da ita. Guy Nicolas, wanda ya yi nazari a kwarin Maradi, ya bayyana bikin dubu, wanda manomi ke yi idan ya tara dami dubu, ya rarraba dukiyarsa a bainar jama'a, sannan a kira shi Sarkin Noma. Ke nan shaidar ƙwarewarsa tana cikin rumbunsa, kowa ya gani da idonsa.

Ba mu ce wannan tsari ba shi da aibu ba. Gado yana rufe ƙofa ga wanda ba ɗan gida ba, asiri yana hana ilimi yaɗuwa, kuma Sarkin Noma ba shi da maganin fara in ta zo daga hamada. Amma ta fuskar da ta dame mu a nan, sunan yana amsa tambayoyi uku a lokaci guda: me mutumin yake yi, ina ake samunsa, wa ya fi shi.

2. Zamanin mulkin mallaka: sunan da ke duban sama

Faransawa sun shigo ƙasar Tawa a farkon ƙarni na 20, suka zo da tsarin ma'aikata mai matakai irin na soja. A cikin wannan tsari, sunan mutum yana faɗin matakinsa a kan tsani, da albashinsa, da takardar da ya samu a makaranta. A ma'aikatar noma, akwai injiniya a sama, sai «conducteur», sai «moniteur» a ƙasa. Mai jin Faransancin kasuwa zai ɗauka «conducteur» direban mota ne, alhali mai jagorancin ayyukan gona ne. Shi kuwa «moniteur», asalin kalmar daga Latin yake, ma'anarta mai tunatarwa ko mai gargaɗi.

Gargaɗin ne talakawa suka fi sani. Bayan yunwar 1931, hukuma ta tsananta dokar rumbun tsimi, inda ake tilasta wa kowane magidanci ya ajiye wani kaso na hatsinsa ƙarƙashin idon kumandan. Dokar daji ta 1935, wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta ba ma'aikacin gandun daji ikon cin tarar wanda ya sare itacen da aka hana. Saboda haka, mutumin da takarda ta kira mai ba da shawara, a idon ƙauye ya fi kama da dogari. Wannan tabo ya daɗe, kuma ya shafi waɗanda suka biyo baya ko da niyyarsu ta bambanta.

Akwai wani misali da ke nuna nisan da ke tsakanin harsunan biyu. Ma'aikatar da ke gina madatsun ruwa da hanyoyin karkara sunanta «génie rural». Kalmar «génie» a nan tana nufin aikin injiniya. Amma ita ce kuma kalmar da masu nazarin al'adu suka yi amfani da ita wajen fassara iskokin bori na Adar. Tafintan da ya bi kalma da kalma zai iya sanar da mutanen gari cewa aljanin karkara yana nan tafe.

3. Bayan ƴancin kai: mai tsarewa da mai sa rai

Shekarun farko na jamhuriya, zamanin shugaba Diori Hamani, sun zo da hukumomi sababbi: UNCC, mai kula da bashi da ƙungiyoyin haɗin kai, a 1962, OFEDES, mai kula da rijiyoyi, a 1963, sai gyaran tsarin mulki na 1964, wanda ya raba ƙasa zuwa jahohi da gundumomi. Kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya riga ya fara aiki a kwarin Majiya tun tsakiyar shekarun 1950. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina madatsar Ibohaman da filin noman da ke ƙarƙashinta, maƙwabtaka da Garhanga. Kowace hukuma ta zo da mutanenta da sunayensu.

Biyu daga cikin sunayen sun cancanci a tsaya a kansu, domin manufofi biyu ne masu jayayya da juna. «Encadreur» ya fito daga kalmar da ke nufin katakon da ake kewaye hoto da shi. Shi ne wanda ke tsare manomi cikin ƙa'ida: ranar shuka, tazarar layi, yawan taki, lokacin feshi, biyan bashi bayan an sayar da auduga. Ma'aikaci ne mai albashi, kuma ana auna shi da yawan kadada da yawan tan. «Animateur» kuwa ya fito daga kalmar da ke nufin rai ko numfashi. A tsarin da aka fara a farkon shekarun 1960 da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa, mutumin gari ne wanda jama'a suka zaɓa, aka ba shi horon ƴan kwanaki, ya koma gida ba albashi, domin ya sa mutane su tattauna matsalolinsu su kai wa hukuma.

Daga wannan tsari na biyu ne aka samu «secouriste», mai akwatin magani na gari, da «matrone», watau ungozomar da aka ƙara wa horo. An fara su a jahar Maradi kafin su bazu. Mu lura cewa ungozoma ba ta taɓa bukatar fassara ba, domin aikin yana nan da sunansa tun dā. Sabon abu ya dasu a kan tsohon gindi.

Wahalar ita ce kalmar «animateur» ta ɗauki ma'ana biyu. Tana nufin ɗan garin da ke aikin sa kai, tana kuma nufin ma'aikacin gwamnati da ke horar da shi. Daga baya kowane furoje ya riƙa kiran ma'aikatansa na ƙauye da wannan suna, ko da aikinsu isar da umurni ne kawai. Suna ɗaya ya rufe mutum uku masu iyayengiji daban-daban.

4. Furojen Keita

Fari na 1973 da na 1984 sun sauya fuskar aikin karkara. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984, shekarar da aka yi babban taron Maradi a kan yaƙi da hamada, aka buɗe furojen raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin jagorancin fasaha na FAO, tare da abincin hukumar PAM. Ƙasar Garhanga tana cikin fagen aikin tun zangon farko, kafin a faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak a shekarun 1990.

An gyara fako da kunyoyin ƙasa da aka ƙarfafa da duwatsu, an haƙa ramukan dashe a jikin tsaunuka, an gina madatsu a kwaruruwa, an yi hanyoyi da rijiyoyi da makarantu. Ƙididdigar da aka yi bayan shekara 20 ta nuna an dasa itace wajen miliyan 18. Da yake maza da yawa suna tafiya cin rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin hannu, ana biyansu da hatsi da mai da sauran kayan abinci a kan kowace ranar aiki.

Irin wannan aiki yana da tsani biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Akwai na gwamnati: darakta ɗan ƙasa, da shugabannin ma'aikatun noma, kiwo, gandun daji da gine-ginen karkara. Akwai na masu ba da kuɗi, wanda «conseiller technique principal» ke kai. A Keita, Renato Carucci ɗan Italiya ne ya riƙe wannan muƙami shekaru da dama. Sunan yana nufin babban mai ba da shawara, amma a tsarin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mai wannan suna yana da hannu a kan kuɗi da kayan aiki. Shi kuma ma'aikacin ƙasa da aka haɗa da ƙwararren baƙo ana kiransa «homologue», watau takwara. Sunan ba ya faɗin komai game da aikin mutum. Yana faɗin wanda yake tsaye kusa da shi ne kawai.

A filin aiki kuwa, nauyin sunaye yana juyawa. Ga matar da ke ɗaukar duwatsu tun safe, mutumin da ya fi kowa muhimmanci shi ne mai rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki, domin alƙalaminsa ne ke zama mudun hatsi. Bayansa sai shugaban fili, sai mai kula da ma'ajiyar abinci, sai direban da ke kawo duwatsu. Waɗannan su ne na ƙasa a takarda. Wanda ya karanta tsarin ma'aikata daga ofishi da wanda ya karanta shi daga bakin rami ba su ga furoje ɗaya ba.

A wannan zamani ne kuma wasu sunaye biyu suka yawaita a ƙauyukan Nijar. «Brigadier phytosanitaire» manomi ne da ma'aikatar kare tsirrai ta koya wa feshi, aka ba shi na'ura, musamman bayan farar 1986 da ta 1988. Kalmar farko muƙamin soja ce da ƴan sanda, alhali mutumin ba ya da ko igiya ɗaya. «Artisan réparateur» kuwa shi ne mai gyaran famfo. A shekaru goma na ruwan sha da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana, daga 1981 zuwa 1990, an kafa tsarin kula da famfunan karkara a kan ƙafa uku: kwamitin gari mai tara kuɗi, mai gyara da ke zagaya garuruwa, da ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyara. Idan ƙafa ɗaya ta karye, famfo ya tsaya, kuma sau da yawa mutane sukan nufi ofishin gunduma da kukansu, alhali takarda ta riga ta ce nauyin yana wuyansu.

A shekarun 1990, Bankin Duniya ya tallafa wa Nijar da tsarin horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya shahara da shi. A nan matakan taimako suka fito fili: manomin tuntuɓa a gari, «agent vulgarisateur de base» mai ziyartarsa duk mako biyu, sai «technicien spécialisé» da ake miƙa wa tambayar da ta fi ƙarfin na ƙasa, sai masu bincike na INRAN. Tsarin yana da ma'ana a takarda. Sai dai manomi matakin farko kaɗai yake gani, kuma ba shi da hanyar sanin ko tambayarsa ta hau sama ko ta tsaya a jakar babur.

5. Fassarar talakawa

Mutane ba su zauna jiran ƙamus ba. Sun raɗa wa baƙin nan sunaye bisa ƙa'idar da suka gada, watau matsayi da aiki. Duk wanda ya zo daga ma'aikatar noma, ko ya fito daga makarantar Kolo ko daga jami'a, malamin gona ne. Na ma'aikatar kiwo likitan dabbobi ne, ko yana da digiri ko allura kawai ya iya. Mai riƙe da alƙalami kuwa, mushe ne. Sauran an bi da su ta hanyar «mai»: mai feshi, mai gyaran famfo, mai awo, mai rubutu.

Wannan salo ya yi daidai da na ƙetaren iyaka. A arewacin Najeriya, inda hukumar gargajiya ta yi aiki da Hausa a zamanin Ingilishi, an samu malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, da duba-gari, mai binciken tsabtar gidaje. Sunan ƙarshe ya isa misali: ya faɗi aikin cikin kalma biyu, kuma matan gida sun san abin da zuwansa ke nufi. Ƴan cin rani da gidajen rediyo sun taimaka wajen yaɗa irin waɗannan kalmomi a arewacin iyaka.

Fassarar talakawa tana da riba da hasara. Ribarta, tana nuna fagen aikin mutum. Hasararta, tana shafe matakai. Idan kowa malamin gona ne, ba a san wanda ke iya yanke magana da wanda saƙo kawai yake kaiwa ba. Alkawarin da ƙaramin ma'aikaci ya yi don kunya, gari ya ɗauke shi alkawarin hukuma, kuma in bai cika ba, zargi ya hau kan kowa.

6. Abin da ya rage

An rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu ya rage ɗaukar ma'aikata. Furojen Keita ya sauya suna da masu tafiyar da shi, sannan ya rufe a shekarun 2000. Da zaɓen 2004, Garhanga ta zama ƙaramar hukuma mai magajin gari da ƴan majalisa, aka ƙara sababbin sunaye a kan tsofaffi, har da na kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Idan muka dubi sunayen da suka rayu bayan tafiyar kuɗin waje, za mu ga suna da siffa guda: mai sunan yana zaune cikin jama'a, kuma yana cin abinci da aikin. Ungozoma, mai gyaran famfo, magini, mai renon itace da ke sayar da dashe, duk sun koma cikin jerin sana'o'in gari, kusa da maƙeri da wanzami. Takwara da manomin tuntuɓa sun tafi tare da takardar da ta haife su.

Matsalar ta sake bayyana da sabuwar riga. A 2017, RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ta buɗe cibiyar da manomi zai kira ta wayar salula ya yi tambaya cikin Hausa ko Zabarmanci. Kamfanonin waya da masu sayar da famfunan hasken rana su ma suna da masu amsa kira da masu gyara a matakai daban-daban. Harshe ya matso kusa, amma mutumin ya ƙara nisa, domin mai kira ba ya ganin fuskarsa, bai kuma san gidansa ba. Tsofaffin tambayoyin nan uku suna nan daram.

Kammalawa

Hausawa sun ce suna linzami ne. Tarihin da muka bi ya nuna cewa linzamin yana hannun wanda ya raɗa sunan. Sarautun sana'a jama'a ce ta raɗa su, don haka suna juya mai su zuwa ga jama'a. Sunayen ma'aikata ofishi ne ya raɗa su domin tsara albashi da rahoto, kuma ga wannan bukata sun yi daidai. Kuskuren shi ne fita da su ƙauye ba tare da an sake musu gini ba.

Ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi da masu yaƙi da jahilci, muna ba da shawara uku. Ta farko, a fassara aikin mutum, kada a bi asalin kalmar Faransanci: mai feshin gari ya fi kowace fassarar «brigadier» amfani. Ta biyu, a ƙara kalmar da ke nuna mataki, irin su babba, ƙarami, mataimaki ko wakili, domin a san mai yanke magana. Ta uku, duk inda aka gabatar da ma'aikaci ga gari, a faɗi a bainar jama'a wanda za a kai wa ƙara in aikin bai yi ba, da inda ake samunsa.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗalibanmu. Matan da suka yi aiki a filayen Keita a 1984 sun manyanta, haka ma tsofaffin malaman gona da masu akwatin magani. Sunayen da suka riƙa kiran juna da su, da laƙabin da aka yi wa kowane ma'aikaci, ba su cikin rahotanni. Ya kamata a je Garhanga da Tamaske da Ibohaman a tattara su daga bakin masu su, a jera su kusa da na takarda, domin a nan ne za a ga yadda ƙauye ya karanta hukuma.